Soja da raunin da ya zauna a jiki: ina aikinsa ya dosa?

Tambaya: "Assalamu alaikum, yallaɓai likita. Daga nan Sakkwato nake rubuto maka. Ƙanena kofur ne a sojan ƙasa, shekararsa tara yana aiki. Wata goma sha ɗaya ke nan da anka yi musu kwanton ɓauna a gabashin jihar nan, harsashi ya same shi ƙasan gwiwar dama. An yi masa aiki, ƙashi ya haɗe, amma har yau tafin ƙafar ba ya ɗaguwa, jan shi yake yi in yana tafiya. Yanzu sun ce za a kai shi gaban medikal bod. Wasu abokansa na cewa ya daure ya nuna ya warke don kar a sallame shi, wasu na cewa gara ya nemi sallamar da kansa, ya karɓi haƙƙinsa ya kama kasuwanci. Yana da mata da 'ya'ya uku, kuma shi ke riƙe da mahaifiyarmu. Don Allah aikinsa ya ƙare ke nan? In bai ƙare ba, zai ƙara samun igiya?"

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah Ya ba ƙanenka lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya jiƙan abokan aikinsa da suka kwanta dama a waɗannan dazuzzuka. Abin da kake son sani shi ne ko wannan rauni zai raba shi da kaki, idan kuma bai raba shi ba, ko zai ci gaba da hawa ko kuwa a kofur zai tsaya har ranar ritaya. Na yi aikin likita a asibitocin soja shekaru masu yawa kafin in ajiye aiki, na kuma zauna a irin wannan bod da za a kai shi gabansa, saboda haka da abin da idona ya gani zan amsa maka. Sai dai ka riƙe cewa ban taɓa ƙafarsa ba, ban kuma buɗe fayil ɗinsa ba, hukunci yana hannun likitocin da za su duba shi da hedikwatar da za ta amince da rahotonsu.

A yadda ka siffanta ciwon, ba ya cikin raunukan da ake sallamar soja a kansu kai tsaye. Mutumin da yake takawa da ƙafafunsa biyu, hannuwansa lafiya, ido da kunne lafiya, yana da ayyuka da yawa da zai iya yi wa rundunar soja. Amma ba zan ɓoye maka ba, muddin tafin ƙafar bai dawo yana ɗaguwa ba, da wuya a sake tura shi sintiri a dajin Gundumi ko a iyakar Tangaza da Gudu, kuma wannan zai taɓa hawansa fiye da yadda yawancin iyalai suke zato.

Abin da bod yake aunawa

Mutane da yawa, har da sojojin kansu, suna ɗaukar medikal bod a matsayin wurin da ake kai mutum don a kore shi. Aikinsa ya fi haka faɗi. Likitoci ne ake tarawa su faɗi mene ne ciwon, zai warke ko ya zauna, a bakin aiki aka same shi ko a wata hidimar daban, sannan wane aiki mutumin zai iya yi da shi kuma a wane irin wuri. Ma'aunin da ake bi gado ne daga sojan Ingila, kamar yadda yake a ƙasashe da dama renon Ingila. Ba a duba mutum a dunƙule a ce lafiyayye ne ko nakasasshe. Rarraba shi ake yi: ƙarfin jiki gaba ɗaya, hannuwa, ƙafafu da tafiya, jin kowane kunne, ganin kowane ido, kaifin hankali da natsuwar zuciya. Kowane ɓangare yana samun makinsa, daga makin kuma a fitar da matsayin aiki. Akwai wanda za a iya kai shi ko'ina har bakin daga, akwai wanda zai yi aiki a bayan daga wajen kai kaya da sadarwa, akwai wanda sai dai cikin bariki kusa da asibiti, akwai kuma wanda ba zai iya aikin soja ba ko kaɗan. Wannan na ƙarshe kaɗai ake ba da shawarar a sallama.

Saukar da matsayin lafiya iri biyu ne, na wucin gadi da na dindindin. Idan likitoci suna ganin da sauran fata, sukan ba da matsayi na 'yan watanni su ce a dawo a sake dubawa. Sai ciwo ya tsaya cak, an yi duk abin da za a iya yi, sannan ake rubuta na dindindin, kuma sauya shi bayan an rubuta ba ƙaramin aiki ba ne.

Ranar bod ɗin babu wani abin tsoro. Za a karanta takardunsa, a sa ya cire takalmi, ya taka daga ƙofa zuwa taga ya dawo, ya tsaya a kan dugadugansa, ya tsuguna, ya hau matakala. Za a tsikari saman tafin ƙafar da gefen ƙwaurin a gane inda yake ji da inda ya mutu, a sa awo a gwada kaurin ƙwaurin dama da na hagu. Ni nakan fara da ɗaukar takalmin in juya shi, domin mai irin wannan ciwo gaban takalminsa ne ke cinyewa a ƙafar da yake ja, kuma takalmi ba ya daurewa don kunyar hafsa.

Ita ƙafar kanta

Kafin maganar igiya akwai maganar da ta fi gaggawa. Akwai wata jijiya da ke zagayowa ta gefen waje na ƙafa, ƙasa da gwiwa kaɗan, ta wuyan siririn ƙashin ƙwauri, dab da fata. Ita ke umartar tsokokin da suke ɗaga tafin ƙafa da yatsu. Harsashi a wurin da ka ambata yakan tsinke ta, ko ya ƙuje ta, ko ƙarfin wucewarsa ya girgiza ta. Wani lokaci kuma tabon ciki ne, ko sabon ƙashin da ya tsiro wajen haɗewa, yake shaƙe ta. Idan girgiza ce kawai, takan farfaɗo cikin makonni ko 'yan watanni. Idan ta lalace ta ciki amma kubenta bai tsinke ba, tana sake tsirowa sannu a hankali, kimanin milimita 1 a rana, wato wajen inci 1 a wata. Idan kuwa ta tsinke gaba ɗaya, ba ta haɗuwa da kanta sai an ɗinke ta ko an yi mata dashe.

Matsalar ita ce tsokar da jijiya ta daina kaiwa gare ta ba ta jira har abada. Bayan wata 12 zuwa 18 takan shanye ta yadda ko jijiyar ta iso ba za ta amsa ba, ƙanenka kuma yana wata na 11. Saboda haka abu na farko da zan so ya yi, tun cikin makon nan, shi ne ya roƙi likitansa ya tura shi gwajin jijiya da na'urar lantarki, ya kuma ga likitan ƙashi ko na jijiya wanda ya saba da irin wannan tiyata. Daga asibitin Runduna ta 8 a barikin Giginya ana iya tura mutum asibitin soja na 44 a Kaduna, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a nan gida, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, gwargwadon abin da ake buƙata. Ko da lokacin ɗinkin jijiya ya wuce, akwai tiyatar da ake ciro agarar wata tsoka mai lafiya daga bayan ƙwauri a karkato da ita zuwa saman tafin ƙafa, ta karɓi aikin ɗagawa. Da yawa daga waɗanda aka yi wa ita suna tafiya ba tare da wani tallafi ba, ko da yake gudu da tsalle ba sa komawa yadda suke a da. Kafin nan ya riƙa sa tallafin roba da ake cusawa cikin takalmi don ya riƙe idon sawu, kuma kada ya yi wasa da gashin ƙashi, domin idan gaɓar ta sandare a lanƙwashe, ta lalata amfanin duk wata tiyata da za a yi daga baya.

Wannan yana da alaƙa kai tsaye da aikinsa. Sojan da ya zo gaban bod da takardar likitan ƙashi mai cewa akwai tiyatar da ta rage, ya fi kusa da samun matsayin wucin gadi. Wanda ya zo hannu rabbana, shekara ta zagayo ba canji, shi ne ake ganin ciwonsa ya riga ya zauna.

Na san a gidajenmu da an ji ciwon ƙafa sai a tuna da maɗori. Ba na raina sana'arsu a karayar da ta dace da su, amma jijiya ba ƙashi ba ce, ja da matsi da ɗauri ba sa tayar da ita, suna ma iya ƙara shaƙe ta. Bayan haka, sojan da ya tafi ƙauye jinya ba da takardar izini ba, a littafin bataliya ba majinyaci ba ne, wanda ya ƙaurace wa aiki ne, kuma wannan laifi ne da zai iya cinye haƙƙinsa baki ɗaya.

Inda raunin yake cin mutum

Ba a rage wa soja muƙami ko ainihin albashinsa don an saukar da matsayin lafiyarsa. Kofur yana nan kofur. Abin da yake faruwa a hankali yake faruwa, shi ya sa ba a ankara da shi da wuri. Ƙarin girma ga ƙaramin soja yana rataye da shekarun da ya yi a muƙaminsa, da kos-kos ɗin da ya halarta ya ci, da jarrabawar sana'arsa, da shaidar kwamandansa, da tsabtar fayil ɗinsa, da samuwar gurbi. A sashen dakarun ƙafa, kos-kos ɗin da ake yi a makarantarsu ta Jaji cike suke da doguwar tafiya da kaya a baya, da gudu, da tsallake shingaye, da kwana a daji, kuma ba a tura mutum sai da takardar lafiya. Sai ka ga an fito da sunayen masu tafiya kos babu nasa, wata shekara ma haka. Babu wanda ya zalunce shi, babu kuma wanda ya rubuta cewa an tsayar da shi, amma waɗanda suka fito Defot na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, rana ɗaya da shi sun zama saje, wasu sun wuce, har ya wayi gari yaron da ya koya wa kwance bindiga shi ke ba shi oda a fareti. A cikin majinyatan da na bi shekara da shekaru, wannan ya fi zogin ƙafa karya musu zuciya.

Akwai kuma aljihu. Alawus ɗin fagen daga yana tsayawa da zarar mutum ya bar fagen, kuma gidaje da yawa sun riga sun gina cefanensu a kansa ba tare da sun lura ba. Aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda da kuɗinsa ƙananan sojoji da dama suka sayi fili ko suka yi rufin gida, yana da nasa binciken lafiya mai tsanani. Hanyar da haziƙin ƙaramin soja yake bi ya ɗaura anini ya zama hafsa ita ma sai da cikakkiyar lafiya. Sannan ƙaramin soja zango-zango yake aiki, yana sabunta yarjejeniyarsa idan wa'adi ya cika, har iyakar shekara 35, kuma matsayin lafiya yana cikin abin da ake dubawa a kowane sabuntawa. Mai matsayi na ƙasa wanda ba shi da wata sana'a sai riƙe bindiga, shi ne sabuntawar take yi wa wuya.

Za ka ji masu ƙarfafa gwiwa suna kawo misalai, kuma misalan gaskiya ne. Janar Ibrahim Babangida an harbe shi a ƙirji a 1969 wajen Uzuakoli lokacin yaƙin basasa, ya koma aiki har ya zama babban hafsan sojan ƙasa a 1984. A Indiya, Ian Cardozo ya rasa ƙafa a kan nakiya a yaƙin 1971, ya ci gaba da aiki har ya kai manjo janar. A Amurka, Frederick Franks an yanke masa ƙafa bayan raunin da ya samu a 1970, shi ne kuma ya jagoranci babbar runduna a yaƙin Tekun Fasha na 1991. Amma ka lura, dukkansu hafsoshi ne. Hafsa yana hawa, aikinsa yana barin ƙafa yana komawa kai, ga taswira da tsara yaƙi da ba da umarni. Kofur a dakarun ƙafa kuwa shi ne gaban 'yan sashensa, shi ke fara tsallaka rafi. Saboda haka darasin da zan ɗauko wa ƙanenka daga waɗannan mutane shi ne ya nemi aikin da ƙafa ba ita ce jarinsa ba.

Rundunar soja tana da irin waɗannan ayyuka da yawa, kowanne da makarantarsa da matakan hawansa: sadarwa, da kuɗi da mulki, waɗanda makarantunsu suke Apapa a Legas, da sufuri da kai kaya a Benin, da gyaran motoci da na'urori a Auchi, ga aikin akawu, da ajiyar makamai, da taimakon likita, da tattara bayanan sirri. Wanda ya sauya sana'a zuwa ɗaya daga cikinsu, kos ɗin da zai kai shi saje ya fi dogara da aji da allo, ko da yake babu sashen soja da aka yafe wa motsa jiki gaba ɗaya. Sauyin ba haƙƙi ba ne da ake karɓa da ƙarfi, roƙo ne da ke bi ta hannun kwamanda, yana buƙatar gurbi da takardar makaranta. Idan yana da sakamakon sakandare mai kyau, ya fito da shi. Idan bai iya kwamfuta ba, waɗannan watannin jinya su ne lokacin koyo. Kada kuma ya raina abin da ya riga ya mallaka: mutumin da ya san hanyoyin Isa da Sabon Birni da Rabah da ƙafarsa, yake jin Sakkwatanci kamar yadda ake yin sa a ƙauye, wataƙila ma da Fulatanci, yana da daraja a ɗakin tattara bayanai da wajen horar da sababbin zuwa. Na san wani saje da gwiwarsa ta sandare bayan hatsarin motar sintiri, aka mayar da shi ɗakin ajiyar makamai yana ta ƙorafi. Ya riƙe littafin shige da ficen bindigogi da tsantseni har kwamandoji suka riƙa ƙin sakin sa, a can ya samu ƙarin girmansa, a makare dai, amma ya samu.

Shawarwarin abokansa

Masu cewa ya daure ya nuna ya warke, ƙauna ce ta sa su, amma shawarar ba ta da kyau. Da farko irin wannan ciwo ba ya ɓoyuwa ga likita, taku goma sun isa. Ko da ya ɓoyu, ka yi tunanin mutumin da yatsunsa suke kama ƙasa yana tafiyar dare a cikin duwatsu da saiwoyi, ɗauke da bindiga da harsasai da ruwa. Idan ya faɗi a tsakiyar artabu, sai an cire mutum biyu zuwa huɗu daga faɗa su ɗauke shi, ran da aka jefa cikin haɗari ba nasa kaɗai ba ne. Jikinsa ma zai biya, domin mai jan ƙafa yana ɗaga gwiwa da ƙugu fiye da ƙima a kowane taku, bayan 'yan shekaru sai ciwon baya da na ɗaya gwiwar su taso. Daga nan ne da yawa suke faɗawa shan tramol don su iya fita aiki, kuma na ga sojojin da ƙwaya ta raba da kaki alhali raunin bai raba su ba. Sannan duk ranar da takarda ta ce ya warke sarai, ya sa hannu, ya raunana hujjarsa ta neman haƙƙin nakasa nan gaba.

Masu cewa ya nemi sallama da kansa su ma sun yi gaggawa. Barin aiki bisa roƙon kai daban, sallama bisa dalilin lafiya daban, kuma abin da aka rubuta a takardar sallama shi zai bi shi har tsufa. Wanda bod ya tabbatar cewa a bakin aiki ya nakasa yana da haƙƙin nakasa bayan sauran haƙƙoƙinsa, wanda ya rubuta da hannunsa cewa ya gaji kuwa sai ya yi ta fama kafin ya tabbatar da hakan. Ga kuma lissafin shekaru: cika shekara 10 a aiki shi ne mashigin fanshon wata-wata ga mai barin aiki da kansa, ƙanenka kuma yana ta 9. Garatutin da ake hange da yawa, idan aka zuba shi a shagon da mai shi bai taɓa kasuwanci ba, bai cika ganin damina biyu ba. An sabunta ƙa'idojin aikin soja a ƙarshen 2024, don haka ya zauna da akawun bataliyarsa da jami'in biyan albashi su duba masa abin da ya hau kansa a rubuce, kada ya dogara da hirar mes, wato wurin shaƙatawar sojoji a bariki.

Takardu

A nan ne na fi ganin an yi asara, kuma asarar da za a iya kauce mata. Dole a samu rubutacciyar shaida da ta ɗaure raunin da aikin: sigina, wato saƙon rahoton soja, da aka aika ranar da abin ya faru, da rahoton rauni da kwamandansa ya sa wa hannu, da rahoton kwamitin bincike idan an kafa, da takardar kwanciya da ta sallama daga kowane asibiti, da bayanin tiyata, da hotunan ƙashi. Bataliya tana tashi daga wuri zuwa wuri, kwamandoji suna sauyawa, shaidu suna tafiya wasu jihohi, wasu suna rasuwa. A wani wuri da na yi aiki an kawo mana wani las kofur wanda fayil ɗinsa ya salwanta wajen ƙaura, babu abin da ya nuna inda aka harbe shi. Matarsa ce ta zo washegari da wata baƙar leda da ta ciro daga ƙasan akwatin kayan aurenta, cike da kwafin kowace takarda har da katin karɓar magani, wasu sun yi jirwaye da man shafawa. Da su aka sake gina fayil ɗin. Ku yi kwafi biyu, ɗaya a hannunsa ɗaya a hannunka, ku kuma ɗauki hotonsu a waya.

A gaban bod ya faɗi komai, ba ƙari ba ragi. Idan tun ranar kwanton ɓaunar kunnensa yake ƙara, ko ba ya ji sosai ta gefe ɗaya, ya faɗa a gwada, domin dodon kunne da ya fashe yakan warke, amma lalacewar can ciki ba ta dawowa, kuma abin da ba a rubuta yau ba da wuya a yarda da shi bayan shekara goma. Bod yakan ƙiyasta nakasa da kaso cikin ɗari, wannan kason ne ake dubawa wajen lissafin haƙƙi, saboda haka ya karanta kafin ya sa hannu, ya tambayi abin da bai gane ba. Idan bai gamsu ba, dokar soja ta tanadi hanyar kai koke ta hannun kwamanda zuwa sama. Ita zai bi. Sojan da ke cikin kaki ya ɗauki bidiyon kukansa ya sa a Facebook ko TikTok ya buɗe wa kansa wata shari'ar daban.

Ba ka ambaci barcinsa ba, amma zan tambaya. Idan yana firgita cikin dare, ko ƙarar salansar babur tana sa shi zabura, ko ya zama mai saurin fushi da yara, ko ya daina zama cikin mutane, wannan ma rauni ne na wannan ranar, yana da magani, kuma neman maganinsa ba ya nufin sallama. Akwai likitocin wannan fanni a asibitocin soja, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware. Matarsa ce za ta fi kowa sanin amsar, a tambaye ta cikin sirri da girmamawa.

Idan sallamar ce ta zo

Mai yiwuwa ne bayan duk wannan bod ya ga ba zai iya ci gaba ba, musamman idan akwai ƙwayar cuta da ta zauna a ƙashin, ko ciwon da ba ka ambata ba. Sojoji ba sa cikin tsarin fanshon adashe na sauran ma'aikata, Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja ce take biyan su, kuma a can ne duk takardun da na lissafa za su yi aiki. Ya tabbatar sunansa da na iyalinsa suna cikin rajistar kamfanin kula da lafiya na ma'aikatar tsaro, DHML, domin ƙafar za ta buƙaci kulawa har ƙarshen rayuwa, tallafin roba ma yana karyewa, balle a zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a watannin bazara, inda gumi ke sa shi cin fata. Ya nemi gurbi a cibiyar koyar da sana'a ta sojoji masu shirin barin aiki da ke Oshodi a Legas, inda ake horo na wajen wata shida, ya kuma zaɓi sana'ar da za ta ci a nan, wadda ba ta buƙatar tsayuwar yini. Ya yi rajista da ƙungiyar 'yan mazan jiya ta jiha, domin su suka san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, kuma tsohon soja mai takardar sallama mai tsabta yana da abin nunawa a nan.

Abin da iyalai suka fi mantawa shi ne gidan bariki. Ana ba da wa'adi a tashi bayan sallama, yara kuma sai an sauya musu makaranta, alhali kuɗin haƙƙi ba lallai su iso a watan da albashi ya tsaya ba. Ku da kuke 'yan'uwansa ku fara maganar inda zai sauka da wanda zai karɓi hidimar mahaifiyarku na 'yan watanni tun yanzu, kafin bod ya zauna, ko da kuwa a ƙarshe ba a buƙaci shirin ba.